Filin Tambaya: Kuɗin kyamara na gudu, in jira dala ta sauko?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗaukar hoton biki da suna a Birnin Kebbi, wani lokaci har Jega da Argungu. Na daɗe ina tara kuɗin Canon R6 Mark II, amma duk sanda na kusa sai farashi ya ƙara gaba. In jira, ko in nemi wata? Mai hoto, Birnin Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, faɗuwar naira ce ta cinye maka tari. Canon ta fito da wannan kyamara a ƙarshen 2022 kan dala 2,499, jiki kawai babu gilashi (lens). A farkon 2023 dala tana wajen naira 750 a hannun 'yan canji, wato kusan miliyan 1.9. A watan Yunin shekarar Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta yanke wa naira farashi, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. Kyamarar nan dai ta koma miliyan 3.7, tun ba a sa kuɗin jirgi da harajin VAT na kashi 7.5 ba. Kwastam ma da canjin dala suke lissafin nasu.

Ko dala ta ɗan sauko, dillalin Legas ko Kano ba ya rage farashi nan take, don da tsada ya sayo abin da ke shagonsa. In kuwa ta hau, ranar zai ƙara, saboda yana duban kuɗin da zai sayo wata. Shi ya sa ba ma ba da shawarar jira da naira a ajiye.

Ga aikin biki, ta hannu mai lafiya kamar Canon 5D Mark IV ta wadatar, sauran kuɗin ka sa a gilashi, shi ne ke daɗewa bai zubar da daraja ba. Na 50mm f/1.8 yana da araha kuma yana kyau a ɗaki mai ƙarancin haske. In ka koma jerin R (irin su R6) daga baya, adaftar EF-EOS R, mahaɗin da ake sawa tsakanin kyamara da gilashi, za ta ɗauki tsofaffin gilasanka.

Wajen saye ne ake shan wuya. Ka sa a nuna maka a kwamfuta adadin hotunan da ta ɗauka. Canon ta ƙiyasta wa 5D Mark IV hotuna 150,000, wadda ta haura 120,000 kuwa sai da ragi mai kauri. Ka sa f/16, wato ka tsuke ƙofar hasken gilashi, ka ɗauki farar takarda, ka faɗaɗa hoton: ɗigo-ɗigo ƙura ce, ana gogewa, kuma a hunturunmu ba a rabuwa da ita. Layi miƙaƙƙe ko karce a sensa (farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara), ka bar ta. Haska fitilar waya cikin gilashin, in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce ta damina, tana cin rufin gilashi. Gwada ramukan katin ajiye hoto biyu, ka tabbatar lambar jikin kyamara ta yi daidai da ta rasit.

Sannan ka sake duba kuɗin aikinka. Batir, kati da kayan gyara dukkansu da dala ake shigo da su, wanda ke karɓar farashin 2022 ba zai iya sauya kyamara ba ranar da tasa ta tsaya.