Me ya sa 'yan Kanada ke rububin tsofaffin bindigogin soja?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa a Kanada mutane na zuba kuɗi wajen sayen bindigogin yaƙin duniya, irin waɗanda sai an ja sakata da hannu bayan kowane harbi. Da su sojojinsu suka yi yaƙi? Kuma me ake nema a jikin tsohon ƙarfe?

Amsa: Da su suka yi, malam, kuma bindigogi biyu ne ke da labarin.

Ta farko ita ce Ross, wadda aka ƙera a birnin Kwibek na Kanada, sojojin Kanada suka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya da ita. A filin gwaji ba ta da na biyu wajen saiti. Amma da aka shiga ramukan yaƙi a Beljiyam, musamman a gumurzun Ypres na Afrilun 1915, sai asirinta ya tonu: da ta sha laka ko ta yi zafi sai sakatar ta cije, har soja ya koma dukanta da takalmi abokan gaba na tunkaro shi. Da yawa suka riƙa yar da ita suna ɗaukar Lee-Enfield ta sojojin Ingila da suka mutu. Ministan soja na lokacin, Sam Hughes, ya kafe a kan Ross, amma a 1916 aka janye ta daga hannun dakaru. Gwanayen harbi daga nesa ne suka ci gaba da riƙe ta, irin su Francis Pegahmagabow, domin su suna da lokacin goge ta.

Ta biyu ita ce Lee-Enfield mai lamba 4, mai cin harsashi 10 samfurin .303. Daga 1941 Kanada ta riƙa ƙera nata a masana'antar Long Branch kusa da Toronto, inda mata suka yi kaso mai yawa na aikin. Da ita sojojin Kanada suka yi Yaƙin Duniya na Biyu a Italiya da Normandi ta Faransa, har zuwa yaƙin Koriya. Dangin wannan bindiga ne kakanninmu suka riƙe a yaƙin Bama. Dakarun sa-kai na Canadian Rangers, masu sintiri a arewa mai ƙanƙara, sun riƙe ta tun 1947, ba a fara sauya musu ita ba sai bayan shekara 70, saboda sanyi ba ya hana ta tashi.

Da soja suka koma sabuwar bindigar FN, wadda ba sai an ja sakata bayan kowane harbi ba, a shekarun 1950, sai aka yi gwanjon tsofaffin da araha. Mafarauta suka saye, suka datse katakon gaba don ta yi sauƙin ɗauka wajen farautar barewa. Wannan datsewar ce ta sa wadda ta tsira da kayanta cif ta yi tsada a yau. Mai tarawa zai juya ta ya duba gefen hagu ko an buga "Long Branch" da shekarar ƙira, ya nemi tambarin gwamnati, wato harafin C da kibiya a cikinsa, sannan ya gwada lambar sakata da ta jikin bindigar. In suka saɓa, farashi ya faɗi. A ganina wanda ya goge tsohon katako ya shafa masa sabon fenti asara ya yi wa kansa.

Ross kuwa ƙarancinta da mugun sunanta ne ke jan masu saye, sai dai akwai hatsari: samfurin Mark III in aka harhaɗa sakatarta a karkace, bindigar na iya tashi sakatar ba ta kulle ba, sakatar ta dawo wa mai harbi a fuska. Kuma duk wannan ciniki sai da lasisin mallakar bindiga, wanda ba a bayarwa sai an yi kwas an ci jarrabawa.