Wane ne mijin Ruth Ginsburg, kuma me ya yi a rayuwarsa?

Malam, ka tambaya ko mijin marigayiya Ruth Bader Ginsburg, tsohuwar alƙaliyar Kotun Ƙolin Amurka, yana da wani tarihi nasa ban da aurenta. Sosai ma kuwa. Martin Ginsburg gogaggen lauyan haraji ne. An haife shi a 1932, ya gama karatun shari'a a Harvard a 1958 bayan ya yi fama da ciwon daji, kuma daga 1980 yana koyarwa a Jami'ar Georgetown har rasuwarsa a Yunin 2010.

Abin da ya fi burge ni shi ne shari'ar wani tuzuru da ke jinyar tsohuwarsa. Hukumar haraji ta hana shi rangwamen da ake yi wa masu jinya, wai doka ba ta yarda da namijin da bai taɓa aure ba. Martin ne ya ci karo da hukuncin, ya miƙa wa matarsa, wadda a lokacin lauya ce. Suka ɗaukaka ƙara tare, shi ya riƙe ɓangaren haraji, ita kuma batun nuna bambanci tsakanin mace da namiji. A 1972 suka yi nasara.

Af, girkin gidan ma shi ke yi, don 'ya'yansu ba su yaba da hannun uwarsu ba.