Fatawa: Kuɗin ɗan takara da rantsuwa a kan ƙuri'a

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara sani. Ni mazauniyar unguwar Aboabo ce a Kumasi, ƙasar Gana. Ana gab da zaɓe yaran wani ɗan takara suka bi gida-gida da dare, kowace mace sidi 200 da ƙaramin buhun shinkafa, suka sa muka dafa Alƙur'ani cewa shi za mu dangwala wa. Wasu sun ce a ci kawai, ai kuɗinmu ne aka sace. Mene ne hukuncin kuɗin, kuma yaya zan yi da rantsuwar?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, abin da aka ba ki da sharaɗin ƙuri'a rashawa ce, ko an kira shi kyauta ko kuɗin mota. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. Ƙuri'a shaida ce cewa wane ya cancanci riƙon amana, shaida kuwa ba a sayar da ita. Hadisin da ya fi dacewa da halinku shi ne na Buhari da Muslim a kan mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar alƙiyama. Cikinsu akwai wanda ya yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya, in an ba shi ya cika, in an hana shi ya saɓa.

Masu cewa kuɗinmu ne suna da ɗan gaskiya, amma hujjar ba ta tsaya ba. In daga baitulmali kuɗin ya fito, haƙƙin al'umma ne duka, har da marayan da ba su kai shekara 18 ba, ba na wanda aka ƙwanƙwasa wa ƙofa kaɗai ba. In kuma bashi ɗan takarar ya ci daga 'yan kwangila, wa zai biya? Ku ne. Tun daga zaɓen fid da gwani ake sayen daliget, wanda ya ci kuwa sai ya mai da uwar kuɗinsa da riba: kwalbatin da aka ware wa kuɗi ya tsaya a takarda, damina ta zo ruwa ya shiga ɗakuna. Ki raba sidi 200 a kan shekara huɗu, bai wuce pesewa 14 a rana ba (pesewa 100 ne sidi ɗaya). Dokar zaɓe ta 1992, wato PNDCL 284, ita ma ta mai da bayarwa da karɓa laifi.

Kuɗin da ya riga ya shigo hannu kada ki mayar wa mai shi, don zai sayi wani da shi. Ki sa shi a maslahar jama'a, kamar gyaran famfon unguwa ko maganin mara lafiya, ki tuba. Idan ke kanki yunwa ta kai ki ga lalura har kin ci, istigfari ya ishe ki. Wanda aka raba wa kowa a fili ba sharaɗi ba rantsuwa ya fi sauƙi, duk da cewa barinsa ya fi tsafta, don bakin da ya ci shi ke jin kunya.

Rantsuwar kuwa ba ta ɗaure ki ga zaɓen wanda kika san bai cancanta ba. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya aikata alherin ya yi kaffara. Kaffarar tana Ma'ida aya ta 89: ciyar da miskinai 10, a mazhabar Malikiyya mudun Annabi ɗaya ga kowanne daga abincin gari, ko tufatar da su. Wanda bai iya ba ya yi azumin kwana 3. Kuskuren da ake yawan yi shi ne mai hali ya tsallake ciyarwa ya tafi azumi, hakan bai isar masa ba. Kada kuma ki ɗauki hoton ƙuri'arki ki tura wa kowa, tsarin mulki ya ce zaɓe a asirce ake yi.

Ƙin karɓa na mutum ɗaya ba ya hana ciniki, sai an haɗa kai. Limamai da sarakunan Zango da ƙungiyoyin mata su kira 'yan takara duka zama ɗaya, a rubuta buƙatu uku ko huɗu masu ƙidayuwa, kowa ya sa hannu, a liƙa a ƙofar masallaci. Bayan zaɓe a bi sawu. Tsarin mulkin 1992 ya wajabta a ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ga majalisun gundumomi, akwai kuma asusun raya Zango da aka kafa da dokar 2017. Dokar 'yancin samun bayani ta 2019 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa majalisar gundumarsa ya tambayi nawa ya shigo, wa aka ba kwangila, jami'in kuma ya amsa cikin kwana 14. A rubuta takardar kwafi biyu, a sa a buga hatimin karɓa a kan ɗaya, don wadda ba hatimi ita ake cewa ba a gani ba. Mai shaidar sayen ƙuri'a, kamar saƙon MoMo, wato kuɗin da aka turo ta waya, ko hoton rabo, ya kai ofishin mai gabatar da ƙara na musamman ko hukumar kare haƙƙin ɗan adam, wato CHRAJ.

Wallahu a'alam.