Amsar maigida ga yaronsa a kan rigunan gidajen tarihi da yayin zamani

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa ake ajiye tsofaffin rigunanmu a gidajen tarihi na Turai alhali yawancin masu sayayya a nan Kano sun koma rigunan da ake yi wa aiki da injin kwamfuta, kuma ko ya kamata ka ajiye allura ka bi yayi.

Darajar tufafin garin nan ta daɗe. Baturen nan Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa kayan da ake saƙawa ake rinawa a nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus, kuma marinar Ƙofar Mata tana nan tana aiki har gobe. Idan masana suka sami babbar riga ta saƙi ko ta tsamiya, abin da suke dubawa shi ne yawan hannayen da suka taru a kanta: wanda ya kaɗa zare, masaƙin da ya fitar da sawaye, marini, malamin da ya zana aska takwas da tambari, wato zanen nan mai zagaye-zagaye, mai ɗinkin da ya shafe watanni yana cike zanen, sannan mabugi. Suna juya rigar su dubi bayanta, domin a nan ne ake gane ko an ja zare daidai ko an bar ƙulli, kuma a nan ne ake ganin yadda aka kama bakin aljihu da shafi. Injin yana da sauri, yana kuma ciyar da mutane da yawa, ba na raina shi, amma riga dubu ɗaya yake fitarwa da fuska ɗaya.

Game da yayi kuwa, ban hana ka ba. A 2022 gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan ya baje kolin aikin masu tsara tufafi na Afirka, ciki har da Alphadi na Nijar da marigayi Chris Seydou na Mali, wanda ya ɗauki zanen bogolan na ƙasarsu, wanda ake rinawa da laka, ya yanka shi kwat da siket. Sabon yanka ya kawo, amma ya san yadin tun daga tushensa, shi ya sa aikin ya zauna. Wanda bai san dalilin da ya sa asake suke gangarowa ta ɓangaren aljihu ba, idan aka ce ya ɗora su a kan rigar mata ko jaket, zai jefa su inda nauyin zaren zai janye kafaɗa.

Saboda haka za ka ci gaba da koyon kwamfuta da yamma kamar yadda ka roƙa, amma safiyarka ta allura ce. Gobe ka zo da ƙyallen da na ba ka, ka warware tambarin daga zagaye na uku, domin a nan ne zarenka ya fara tattare shaddar.