Faifan wasa ya ƙi karantuwa: a goge shi da man goge baki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da na'urar wasan bidiyo ta PS5 mai cin faifai. Na sayi faifan wani wasan PS4 na hannu, amma duk sanda na saka shi sai ya fara kwafewa, ya kai wajen rabi ya tsaya, na'urar ta ce ta kasa karanta shi. Akwai 'yan karce-karce a jikinsa. Wani abokina ya ce in murza masa man goge baki. Hakan na yi kuwa? Sannan waɗanne wasanni masu zuwa ne suka cancanci in tara musu kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ajiye man goge bakin nan tukuna. Dabarar abokinka ta zamanin CD da DVD ce, faifanka kuwa Blu-ray ne, ginin jikinsu ba ɗaya ba.

Duka ukun kaurinsu milimita 1.2 ne, bambancin yana ga inda bayanan suke kwance. A CD, irin na PS1, bayanan suna can kusa da gefen da aka buga hoto, shi ya sa karce ta wajen hoton ne ke kashe shi. A DVD, irin na PS2 da Xbox 360, suna tsakiya, da roba mai kaurin milimita 0.6 a kansu. Man goge baki yana da ɗan gari mai kankara, sai ya ci bakin karcen ya daidaita shi, hasken leza ya samu ya wuce, kuma akwai robar da za a ci ba a taɓa komai ba. A Blu-ray, wanda PS4 da PS5 da Xbox One da Series X ke amfani da shi, tsakanin bayanan da fuskar faifan milimita 0.1 ne kacal, kamar kaurin takarda guda. Saboda haka aka shafe fuskar da wani rufi mai tauri. Idan ka murza, rufin za ka dusashe, ka mayar da karce ɗaya ɗaruruwa.

Kafin komai, gano mai laifin. Saka wani faifan wasa da ka san lafiyarsa kalau. Idan shi ma ya ƙi, matsalar ta na'ura ce. In da hali, gwada naka faifan a na'urar wani. Sannan duba yadda kake saka shi, domin nan mutane da yawa ke faɗawa: idan PS5 tana tsaye, hoton faifan hagu yake kallo, idan tana kwance, sama. Lambar da ta saba fitowa idan ta kasa karatu ita ce CE-100005-6.

Tsayawa a wuri ɗaya kullum, kamar yadda ka bayyana, alama ce ta cewa faifan ne. Amma sau da yawa ba karcen da ido ke gani ne ke jawo hakan ba, maiƙon yatsa ne. Lezar da ke karanta Blu-ray shuɗiya ce, ɗigon haskenta ya fi na DVD ƙanƙanta, kuma da yake bayanan na dab da fuska, ɗan shatin yatsa ya isa ya tare ta.

Ga yadda ake wankewa. Riƙe faifan ta gefe da ramin tsakiya. Fara da ɗauraye shi da ruwa mai ɗan ɗumi, ba mai zafi ba, don ƙura ta sauka. Idan ka goge da ƙurar a kai, ita ce za ta karce shi. Sa ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke na ruwa, ka shafa da tafin yatsa a hankali, ka sake ɗaurayewa. Tsane shi da ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau, kana ja daga tsakiya zuwa baki a miƙe. Kada ka kewaya. Bayanan a nannaɗe suke suna zagaye faifan, don haka karcen da ya ratsa layukan kaɗan yake ɓatawa a kowane layi, tsarin gyaran kuskure ya cike gurbin. Wanda ya bi layin kuwa dogon zango yake shafewa a jere, ba abin da zai cike shi. Ban da takardar tishu, ban da bakin riga, ban da fetur ko tina ko ruwan goge farce, waɗannan cin robar suke yi. Bar shi ya bushe sarai, har cikin ramin, kafin ka mayar.

Sai ka goge rabin wasan da aka kwafa, ka sake daga farko. In ya ƙi, kashe na'urar gaba ɗaya, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 7 har ka ji ƙara ta biyu, ka haɗa abin da kake riƙewa kana buga wasan da na'urar ta kebul, a jerin da zai fito a allo ka zaɓi Clear Cache and Rebuild Database. Wannan ba ya goge wasanninka. Akwai wani sauƙi kuma: PS5 kwafe wasan take yi zuwa ma'adanarta, bayan haka faifan shaida ce kawai ta cewa naka ne. Idan kwafin ya wuce sau ɗaya, galibi ka huta.

Akwai wanda ba ya gyaruwa. Karcen da farce ke maƙalewa a ciki ya yi zurfin da wanki ba zai magance shi ba. Faifan da ya lanƙwashe saboda zafi ya tafi. Wanda ya tsage daga ramin tsakiya kada ma ka saka shi, yana juyawa sau dubbai a minti ɗaya, zai iya tarwatsewa a ciki. Injin goge faifai na masu sana'a yana ceto DVD sosai, amma a Blu-ray ɗan sheƙi kawai yake iya dawowa da shi. Idan kuwa na'urar na karanta fim na DVD amma tana ƙin duk wani Blu-ray, shuɗiyar lezar ce ta raunana, domin kowanne da tasa lezar; wannan aikin mai gyara ne.

Batun wasanni, na farko shi ne Grand Theft Auto VI na kamfanin Rockstar, wanda ya koma birnin Vice City da jarumai biyu, Jason da Lucia, a PS5 da Xbox Series X da S. An fara cewa 2025, aka ɗaga zuwa 26 ga Mayu 2026, aka sake ɗagawa zuwa 19 ga Nuwamba 2026. Jerin wasannin nan na manya ne, ba na bai wa yara ba. Na biyu Marvel's Wolverine na kamfanin Insomniac, waɗanda suka yi Spider-Man, da aka sanya wa 2026 a PS5. Shi ma akwai jini da yawa a hotunan da aka nuna. The Witcher 4, inda jaruma Ciri ke jan ragama, kamfanin CD Projekt da ke yin sa ya ce ba zai fito kafin 2027 ba, kada ka ƙulle kuɗinka dominsa. Idan ƙwallo kake so, EA Sports FC na fitowa duk ƙarshen Satumba, sai dai canjin shekara zuwa shekara bai taka kara ya karya ba.

Shawarata kada ka biya kuɗi kafin wasa ya fito, ka jira mako guda ka ji abin da waɗanda suka buga ke cewa. In na faifai za ka saya, karanta bayan kwalin, domin wasu sai an sauke babban kaso ta intanet kafin su tashi, kuma ƙarin kayan wasan da ake saya daga baya sai yankin asusunka ya dace da na faifan suke aiki.