Gidana Tsaf Yake, Ta Ina Amai da Gudawa Ya Shigo Mana?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, kuma ba yabon kai ba, shara da wanke-wanke ba sa kwana a gidana. Duk da haka, a daminar bara amai da gudawa ya shigo unguwarmu, ya kwantar da autana har sai da aka yi masa ƙarin ruwa a asibiti. Wajen 'yan garuwa muke sayen ruwa, kuma ina jefa masa alif ya kwanta kafin mu sha. Ina na yi sake?
Wata uwa daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Ba ƙazantar gidanki ce ta jawo ba, domin kwalara cuta ce ta unguwa, kuma hanyarta ɗaya ce: ƙwayar cutar tana fita daga bayan gidan mai ɗauke da ita, ta shiga ruwa ko abinci, wani ya kai bakinsa. Abin da ya sa take da wuyar sha'ani shi ne, mafi yawan waɗanda suka kamu ba sa jin ciwon komai, suna harkokinsu alhali suna zubar da ita har tsawon kwana goma.

A shekarar 1854 cutar ta ɓarke a wata unguwa ta birnin Landan, ta kashe mutum fiye da 500 cikin kwana goma, a zamanin da likitoci da yawa suka ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo ta. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan suke ɗebo ruwa, sai ya tarar kusan dukkansu famfo ɗaya suke sha, na titin Broad. Har da wata tsohuwa da ke zaune nesa da unguwar, wadda ake kai wa ruwan famfon saboda tana son ɗanɗanonsa. Ita ma ta rasu. Hukuma ta cire hannun famfon, daga baya kuma aka gano ramin masai dab da rijiyar da famfon ke jawo ruwa daga ciki yana tsiyaya cikinta. Wannan shi ake nufi da kiwon lafiyar al'umma: likitan asibiti yana jiran majinyaci ya zo, ma'aikacin lafiyar al'umma kuwa yana neman ɓarakar da ke kwantar da mutane ya toshe ta.

Mu ma ɓarakarmu ke nan. Da ruwan sama ya sauka, ambaliya takan cika masai da kwatami, ta kwashi bayan gidan da aka yi a fili ta zuba a rijiyoyin da ba su da murfi. A 2021 an ƙidaya mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu.

Game da alif, aikinsa kwantar da laka ne kawai, kada hasken ruwan ya ruɗe ki. Ki tafasa ruwan sha ya yi kamar minti ɗaya yana ɓararraka, ko ki sa masa kulorin, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Sannan ki dubi randarki, inda na fi zargi a gidaje masu tsabta irin naki: yaro ya dawo daga wasa, ya ɗauki moɗar da ta faɗi ƙasa, ya tsunduma ta har wuyan hannu, ruwan da aka sha wahalar tafasawa ya tashi a banza. Bokiti mai murfi da ɗan famfo ya fi. A wanke hannu da sabulu bayan an fito daga bayi, bayan an yi wa yaro tsarki, da kafin a taɓa abinci.

Sauran aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya. Ki sa maigida ya tuntuɓi mai unguwa a binciki inda 'yan garuwa ke ɗebo ruwa, domin ƙa'ida ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya.

In kuwa gudawa mai kama da ruwan shinkafa ta kama wani, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, tana iya kisa cikin 'yan sa'o'i. A haɗa cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, a riƙa ba shi kurɓi-kurɓi ana kan hanyar asibiti.