Bidiyon kayana yana dishewa in na tura wa kwastoma

Wata mai saida yadudduka a intanet ta turo tambaya, tace in ta ɗauki bidiyon kaya fes yake fita a wayarta, amma da ta tura a WhatsApp sai zanen ya cakuɗe ya koma dabbare-dabbare, in kuma ta barshi da nauyinsa kwastoma baya buɗewa saboda data.

Hajiya wannan abin yana taɓa ciniki sosai, don mai saye ta waya baya taɓa yadi, abinda ya gani shi zai biya. Nauyin bidiyo lissafi ne, tsawonsa da yawan bayanan da yake ɗauka a kowane sakan. Minti 1 a megabit 8 duk sakan, wanda shine YouTube ke ba da shawara ga 1080p, wato girman hoton da ake kira Full HD, zai baki wajen megabayit 60. To in manhaja ta matse shi da ƙarfi dole ta zubar da wani abu, kuma ƙananan zane da zare su take fara zubarwa, wato dai ainihin abinda kike saidawa.

Shi yasa nake cewa gyaran daga wajen ɗauka yake farawa. Ki ɗauka a haske mai kyau, don duhu yana kawo tsaki-tsakin nan da ke cinye wuri a banza, ki kafe wayar kar tana rawa, ki juya yadin a hankali, bayansa kuma ya zama fili ba tarkace. Sakan 20 ya isa a ga kaya, wallahi ba sai minti 2 ba.

Wajen matsewa in kina da kwamfuta ki sauke HandBrake, manhajar matse bidiyo ce kuma kyauta ce, ki zaɓi tsarin matsewa na H.264 ki sa lambar inganci, wadda aka rubuta RF, tsakanin 20 da 23, kina ƙara lambar nauyi na raguwa kyau ma na raguwa. Tsarin H.265 ya fi rage nauyi amma wasu tsofaffin wayoyi basa buɗe shi, ni bana son kwastoma ya danna yaga baƙi. Kuma gara 720p, wato girman da bai kai 1080p ba, mai tsabta da 1080p da aka shaƙe.

Kar ki sake tura wanda aka riga aka tura, duk matsewa ƙara lalata shi take, kullum daga na asali zaki ɗauko. Wanda kika ga da gaske zai saya da yawa, ki tura masa a matsayin dokumen, a haka WhatsApp baya taɓa ingancinsa.